Gyaran Gangar Bazazzagi

Injiniyan Samaru, barka da hutawa, idan har ka samu barci. Ni dai ban samu ba, tunda ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na daren Talata ka buga mini waya, murya na rawa kamar ta wanda ya cinye kuɗin adashe ranar kwasa ta zo, kana cewa, "Bakano, intanet ya tsaya, kwamfuta ya ƙi aiki, firinta ma ya mutu." Na ce to, kafin a taɓa waya ko ɗaya bari mu fara gyara Hausar: kwamfuta ta ƙi aiki, firinta ta mutu. Ka ce in bar wasa. Ina ni ina barin wasa, abin da na gada? Kakana bai raga wa kakanka ba, ni ma ban ga dalili ba.

Na yi maka alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, kuma na cika, don ban faɗa da baki ba, rubutawa na yi. Sunanka na sakaya. Masu shagon intanet da ke kiran kansu injiniya a Zariya sun fi ɗaliban Kongo yawa, ba wanda zai gane ka sai wanda ya biya kuɗin awa ɗaya a shagonka ya tashi bai ɗora hoto ba.

Ga yadda abin ya faro, kamar yadda na tatso shi daga bakinka da kyar. Lokacin rajista ne, shago ya cika har baranda. Wata ɗaliba ta zauna da fayil ɗinta a cinya, shafi ya buɗe mata lafiya lau, ta rubuta suna, ta rubuta jiha da ƙaramar hukuma, ta danna, ya wuce. Aka zo wajen ɗora takardar sakamako da yaronka ya ɗauka mata a sikana. Ta danna. Zoben nan ya hau juyawa kamar dutsen niƙa ba tsaba. Minti biyu, minti biyar. Ta dube ka, ka dubi silin. A kwamfutar gefenta wani yana tura gajerun saƙonni suna tafiya kamar walƙiya, na gaba da shi kuma shafinsa ya buɗe rabi, rubutu ya fito, hotuna sun ƙi. Ka ce sabis ne. Ka kira masu ba ka intanet ka wanke su tas da dogon Turanci, suka auna layinka suka ce lafiyarsa ƙalau. Ka kashe rawuta ka kunna sau bakwai. Sannan, maimakon ka kira ubangidanka na Kano tun a lokacin, sai ka shiga cikin saitin na'ura, idonka ya faɗa kan wani ɗan akwati mai haruffa uku, MTU, da lamba 1500 a gabansa.

Bazazzagi kuwa ba ya ganin lamba ya wuce. Ai birnin ilimi ne. Wai ka taɓa jin manyan kamfanoni 9000 suke sa wa, kai kuma da me suka fi ka? Ka bi kwamfutocinka goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, har da babbar da firinta ke jikinta, ka mai da su 9000. Ka koma kujera ka gyara hula.

Zauna in karanta maka abin da kwana kusa da jami'a bai koya maka ba. Intanet ba ta ɗaukar kaya a dunƙule. Takardar yarinyar nan, a ce nauyinta bayit 300,000 ne, yankawa ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshinsa, su bi hanya, a can a sake haɗa su. MTU shi ne iyakar girman ƙunshi ɗaya da wata hanya ta yarda ta ɗauka. Ka ɗauka buhu ne a Dawanau. Buhun 1500 ba duka hatsi ba ne: bayit 20 na adireshin IP ne, wasu 20 na TCP mai lissafin abin da ya isa da abin da ya ɓace, saura 1460 su ne tsabar. Wato takardar nan buhu ɗari biyu da 'yan kai ce.

Lambar 1500 kuma ba wani ya yi mafarkinta ba. Tun 1980 kamfanoni uku na Amurka, DEC da Intel da Xerox, suka fitar da ƙa'idar Ethernet, irin wayar nan mai kai kamar na tsohuwar tarho da ta cika shagonka, a zamanin da gudunta megabit 10 ne kuma kwamfutoci da yawa ke rabon waya guda. Idan buhu ya cika girma, mutum ɗaya zai tare hanya sauran su yi ta jira, ga ma'adanar na'ura da tsada a lokacin. Idan ya cika ƙanƙanta, nauyin buhu zai rinjayi hatsi. Aka tsaya a 1500. Gudun waya ya ninka sau dubu tun daga nan, amma mudun yana nan yadda yake, saboda duniya duka ta riga ta yanka ƙofofinta daidai da shi. Shekara arba'in da ɗoriya injiniyoyin duniya suna kallon lambar nan suna wucewa, sai da aka zo Samaru.

Me ya faru da ka sa 9000? Ɗora hoto bai gyaru ba, ka kuma ƙara wa kanka sabuwar cuta. Tsohon suwic ɗin nan naka na gwanjo, wanda ƙura ta mai da shi kalar ƙasa, shi ne mahaɗar kwamfutocinka duka, kuma shi 1500 ya sani. Suwic ba ya magana, ba ya aika saƙon ban haƙuri. Ƙunshi ya fi ƙarfinsa, ya yar, ya yi shiru. Kwamfutocinka biyu suka gaisa, wannan ta ce ina ɗaukar 9000, waccan ta ce ni ma haka, suka yi murna, ba wadda ta tambayi mai tsaron ƙofar da ke tsakaninsu. Shi ya sa yaronka yake ganin sunan firinta a allo, yake ganin sunayen fayiloli, domin waɗannan ƙananan ƙunsa ne, amma da ya tura takarda a buga sai komai ya sandare. Firinta ba ta mutu ba, abinci ne ba ya isa gare ta. Garin gyaran gira ka tsone ido.

Kada ka ce na ce 9000 ƙarya ce. Akwai ta, manyan ƙunsa ake ce musu, jambo. Amma gidansu daban: cikin ɗakin uwar garke, tsakanin injuna da rumbun ajiya da ke kwasar kaya masu nauyi dare da rana a kan waya mai gudun gigabit 10 ko fiye, inda mutum ɗaya ke da iko da kowace na'ura daga wannan bakin zuwa wancan, ya bi su duka ya daidaita, har suwic. Ko ƙa'idar Ethernet ta hukuma ba ta san su ba, yarjejeniya ce ta masu ƙera kaya, shi ya sa wani ya tsaya a 9000, wani ya ɗan haura. Ribar kuma nawa ce? Mu Kanawa da kuke ce mana masu son kuɗi, bari in yi maka lissafin da son kuɗi ya koya mana. Da buhun 1500, idan aka haɗa har da abin da wayar kanta ke ci, kusan kashi 95 cikin ɗari na abin da ke tafiya hatsi ne. Da buhun 9000, kashi 99. Kashi huɗu ke nan, sai ɗan sauƙin da injin ke samu don buhunan da zai ƙirga sun ragu. A kan kashi huɗu ka rufe shago wuni guda. Kuma ko da suwic ɗinka ya yarda, da zarar ƙunshi ya leƙa waje, hanyar duniya 1500 ce. Tirela ce ka yi wa lodi a fili, ka ce sai ta kai kaya cikin lungunan bayan Ƙofar Kuyambana.

Yanzu mu koma kan cutar asali, wadda ka bar jaki kana dukan taiki a kanta. Masu ba ka intanet ta faranti a saman rufi suna shigar da kai ne ta hanyar da ake kira PPPoE, wannan da kake sa suna da kalmar sirri a rawuta. Tsari ne da aka rubuta tun 1999, kuma yana cin bayit 8 a jikin kowane buhu, kamar kuɗin ƙofa. Ka cire 8 daga 1500, saura 1492. Ƙofar gidanka ke nan zuwa duniya. Kwamfutocin shago suna ɗaura buhun 1500, ƙofa kuma 1492 ce. Bayit takwas kacal, ko sunan Zariya da sallama ba su cika ba, amma su suka tsayar da yarinyar nan.

Hanyar kaya daga Samaru zuwa uwar garken da ke wata ƙasa ƙofofi ne birjik, goma ko ashirin, kuma ƙofar da ta fi ƙunci ita ce ke yanke hukunci. Faɗin titin Kano ba ya amfana wa mai kaya komai idan ƙarshen tafiyarsa lungu ne da jaki ɗaya ke bi. A tsarin farko na 1981, idan buhu ya fi ƙofa, mai tsaron ƙofa ne zai kwance shi, ya raba biyu, ya tura. Da sauƙi a baki. Sai dai idan gutsure ɗaya ya ɓace a hanya, buhun duka ya tashi a banza, sai an sake aikowa. Gutsuren farko ne kaɗai ke ɗauke da bayanin wace manhaja ake kai wa kaya, sauran kamar marayu suke tafiya, katangun tsaro da yawa kuma ba sa barin marayu su wuce. A 1987 wasu masana biyu, Christopher Kent da Jeffrey Mogul, suka rubuta takarda suka nuna illar wannan kwance-kwancen. A 1990 Mogul ɗin da Steve Deering suka kawo dabarar da ake bi har yau: mai aika kaya ya rubuta a jikin kowane buhu, "kada a kwance." Idan buhu ya iso ƙofar da ta yi masa kaɗan, mai tsaro ya yar da shi, amma ya tashi ɗan aike ya koma wa mai kaya da saƙo: ƙofata 1492 ce, rage. Mai kaya ya rage, tafiya ta ci gaba, ba wanda ya ma san an yi. Na'urorin da kansu suke auna hanya. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai shekara goma yana aiki da intanet bai taɓa jin sunan MTU ba, kuma bai yi asarar komai ba.

Wannan ɗan aiken sunansa ICMP. To, tambayar da na yi maka a daren nan, wadda ka yi shiru har na zaci katinka ne ya ƙare: wa ya rufe ICMP a rawutar shagonka? Daga ƙarshe ka ce, ƙasa-ƙasa, "Ai don tsaro ne." Wai kada 'yan kutse su gane kana nan. Ranka ya daɗe, wane ɗan kutse ne zai baro bankunan duniya ya zo neman hotunan fasfo a Samaru? Ka kama ɗan aiken da ke kawo maka labarin hanya ka ɗaure a zaure, duk wani mai kama da shi, na shiga da na fita. Kwamfutar yarinya ta aika buhun 1500, rawuta ta yar, ta so ta ce a rage, ka toshe mata baki. Kwamfuta ta jira, ba amsa, ta sake aika irinsa, aka sake yarwa. Wani lokaci bayan dogon jira takan gaji ta gwada ƙarami, shi ya sa ɗaya cikin biyar ke wucewa har ka ce aljanu ne. Masana suna kiran wannan hali baƙin rami. Ni rijiya gaba dubu nake ce masa, ka jefa guga ba ka ji ƙarar ruwa ba.

Ban gama da kai ba. Rawutarka ta zo daga kamfani da wani maganin a kunne, wanda zan zo kansa, kai kuma ka gan shi ba ka gane shi ba, ka kashe. A Zazzau abin da ba a gane ba laifinsa ne.

Na ce maka ka kwanta, da safe mu auna. Da safe, tun ban gama karyawa da gurasata ba, sai ga kiranka, murya ta dawo, har da dariya. "Bakano, na gyara ba tare da kai ba." Me ka yi? Ka mai da komai 576. Daga raƙumi sai tururuwa. Na san inda ka samo ta: zamanin Windows 95 da intanet ta wayar tarho mai kukan nan kamar an taka kyanwa, mutane sun yi yayin sa 576, kuma lambar tana da asali, domin ita ce girman da ƙa'idar 1981 ta ce dole kowace kwamfuta ta iya karɓa. Gaskiya ne hoto ya ɗoru, tunda buhun da bai kai rabin ƙofa ba ai dole ya wuce. Amma duba abin da ka saya. Tsabar kowane buhu ta koma 536, takardar da ke tafiya a buhu ɗari biyu yanzu sai ɗari biyar da sittin, hatsin ya sauko kusan kashi 87, rawutarka mai araha tana haki. Sabon tsarin adireshi na IPv6 ba ya aiki a hanyar da ta gaza 1280, ka kore shi ke nan. Sabuwar hanyar QUIC, wadda Chrome da YouTube ke bi, tana son ƙunshin 1200 tun a gaisuwar farko, ita ma ka rufe mata ƙofa, sai dai a koma tsohuwar hanya. Ka yi maganin ciwon kai ta hanyar hana mara lafiya tashi zaune.

Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba, kada ka sa in tona. To, bari in tona. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma wajen Kodebuwa. Bankuna suka tsaya, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Duniya tana maganar jirgin ruwan da zai je gyara, kai kana Samaru da bakin azumi kana sauya 1500 zuwa 1480, kana cewa ka ga kamar ya ɗan motsa. Irinku ɗaya da yaran gidan gem da har yau suke sa 1473 a PlayStation, saboda a ƙarshen 2014, lokacin da aka kai wa hanyar wasan hari, lambar ta taimaki wasu suka shiga. Harin ya wuce da shekaru, laya ta zauna. Su dai yara ne.

MTU ba ya maganin jinkiri. Idan komai yana tafiya amma a hankali, ƙarami da babba, ka nemi dalili a wani wuri: ruwan sama ya taɓa faranti, ko mutum talatin na rabon layin mutum biyar, ko yaronka na sauke fim a kwamfutar kusurwa. Idan komai ya tsaya cak, duba waya, duba wuta, duba ko ka biya kuɗin wata, wanda na fi zargi. Ciwon MTU kamanninsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya gan shi sau ɗaya ba ya mantawa: ƙarami ya wuce, babba ya maƙale. Gaisuwa ta yiwu, hira ta gagara. Shafi ya buɗe rabi. Imel mara kaya ya tafi, mai ɗauke da takarda ya kwana a hanya. Ka shiga wata na'ura daga nesa lafiya, ka nemi ta nuna maka dogon jeri, allo ya daskare. Yarinyar nan da fayil a cinya ta nuna maka alamar tun ranar farko, da a ce kana kallonta maimakon silin.

Ko an ga alamar ma, ba a taɓa lamba sai an auna, kuma ma'aunin kyauta ne, abin da na san zai yi maka daɗi. Ka fara kwance ɗan aiken da ka ɗaure, domin ma'aunin ma ɗan gidansu ne. Ka mai da kwamfutoci 1500. Ka buɗe baƙin allon nan na Windows ka rubuta ping -f -l 1472 da adireshin wani wuri a waje. Harafin f shi ne "kada a kwance," l kuma girman kaya. Me ya sa 1472? Saboda adireshin IP na cin 20, ɗan aiken na cin 8, jimla 28, ka haɗa ka samu 1500 cif. Idan amsa ta dawo, hanyarka 1500 ce, ka cire hannunka daga akwatin nan ka je ka sha shayi. Idan ta ce kaya na bukatar kwancewa, ko ta yi shiru, ka rage ka sake, ka rage ka sake, har ka samu mafi girman da ke wucewa, ka ƙara masa 28. Da muka yi tare a waya, kana karanto mini kamar ɗan makarantar allo, 1472 ta ƙi, 1470 ta ƙi, 1465 ta ƙi, 1464 ta wuce. Na ce haɗa da 28. Ka yi shiru kana neman kalkuleta. Birnin ilimi.

Da ka samu 1492, a ina za ka rubuta ta? Nan ma mutane ke ɓata. Ba a bin kwamfutoci goma sha biyu, balle wayoyin kwastomomi da ke hawa wayales ɗinka, waɗanda ba ka da iko da su. A ƙofar da ke da ƙuncin ake rubutawa, wato ɓangaren rawuta da ke fuskantar masu ba ka intanet. Cikin gida ya zauna a 1500. Sannan ka kunna abin nan da ka kashe. Ni dillali nake kiransa, a littafi kuma daidaita MSS ne. Duk lokacin da kwamfuta za ta fara hulɗa da uwar garke ta TCP, a gaisuwar farko kowacce takan faɗi mafi girman tsabar da take karɓa, yawanci 1460. Dillali yana tsaye a ƙofa, yana jin gaisuwar, sai ya goge 1460 ya rubuta 1452, wato 1492 ban da 40. Kowane ɓangare ya zaci ɗayan ne ya nemi haka, su ɗaura buhu daidai ƙofa tun daga tushe, ba a ma bukaci ɗan aike ba. Amfaninsa babba ne domin ba kai kaɗai ne mai ɗaure 'yan aike a duniya ba, akwai Zage-zagi a kowace ƙasa, wasunsu ma suna tsaron manyan uwayen garke. Iyakarsa dai TCP. Abin da ke tafiya ta ɗaya tsarin, UDP, ba ya yin irin wannan gaisuwar, dillali ba shi da abin gogewa, don haka ɗan aike ya zauna a sake. In kuma masu ba ka layi sun waye, tambaye su ko suna ba da ƙofar 1508, wadda aka tsara tun 2006 don a biya bayit takwas ɗin daga sama a bar maka 1500 ɗinka cikakkiya. Ka tambaya da ladabi, bayan wankin da ka yi musu.

Akwai wuri ɗaya da na san za ka sake karo da wannan, shi ya sa nake gaya maka tun yanzu don kada a tashe ni tsakar dare. Ka ce kana son haɗa shagon Samaru da sabon da kake shirin buɗewa a Tudun Wada ta VPN, don ka zauna wuri ɗaya kana kallon kyamara kana ƙirga yaran da ke cin kuɗinka. VPN buhu ne a cikin buhu. Ana ɗaukar ƙunshinka duka, da adireshinsa, a rufe shi, a saka a wani sabo mai nasa adireshin. Na ciki dole ya fi na waje ƙanƙanta. Nan kam taɓa MTU wajibi ne, kuma a jikin bututun VPN ɗin ake taɓawa. Cikin ire-irensa, WireGuard yana ware bayit 80, shi ya sa a hanyar 1500 za ka ga 1420, a irin taka mai 1492 kuma lissafin ya ba da 1412. GRE na cin 24, saura 1476. IPsec cinsa ya danganta da irin kullen da aka zaɓa, shi ya sa masu aikin da yawa ke sa 1400 su huta. Idan kuma ɗaya shagon da layin waya zai hau, wato rawuta mai sim, kada ka ɗauka 1500 ce, domin kamfanonin waya ma a cikin nasu bututun suke ɗauko kayanka. Ka auna da ping kamar yadda na koya maka, daga wannan bakin, sannan daga wancan, domin hanyar zuwa ba lallai ta zama ta dawowa ba. Kuma duk lambar da za ka sauya, ka rubuta tsohuwar a takarda ka manna a bango. Daren Talata da na tambaye ka me ke wurin kafin ka taɓa, cewa ka yi, "Wani lamba ne dai."

An ce mini yarinyar ta dawo ranar Laraba da yamma, ta ɗora takardarta cikin daƙiƙa uku, ka tsaya a bayanta ka harɗe hannu kana cewa ai ƙaramin aiki ne, dama ka san matsalar. Har ka karɓi kuɗin awa ɗaya. Ka mayar mata da na ranar farko, ina da masu kawo mini rahoto a Samaru, kuma ni ban ɗaure nawa 'yan aiken ba.

Saura lissafina. Kiran dare ɗaya, kiran safe ɗaya wanda ya sa shayina ya huce, darasin Hausa, darasin tarihi, da haɗa 1464 da 28. Ba zan karɓi fate ba, kada ma ka fara. Watan Cika-ciki na tafe, kuɗin sharar bara ma ba ka biya ba, ka ce sabis ne ya hana turawa. Ranar Asabar zan hau mota a Unguwa Uku, in sauka Kwangila, ka zo ka ɗauki ubangidanka. Zan taho maka da sabon suwic daga Kano, a farashin da za mu yi magana, kuma kalmar sirrin rawutar nan ni zan riƙe ta.